Yadda zaka zaɓi sit ɗin babur na doguwar tafiya, kai da wanda ka goya kowa ya sauka lafiya

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hanya mai nisa a kan babur ya san mazaunai ne suke fara kai ƙara tun kafin inji ya ce komai. Awa ta farko lafiya lau, ana shiga ta biyu sai ka fara muskutawa, ka matsa gaba ka dawo baya, ka ɗaga wannan ɓarin ka sauke wancan, can sai wanda ke bayanka ya taɓa maka kafaɗa yana tambaya ko da sauran nisa. Kano zuwa Abuja kaɗai ya haura kilomita 400, balle a ce Legas, toh idan sit ɗin bai dace da jikinka ba wallahi duk kuɗin da ka zuba a babur ɗin baza ka ji daɗinsu ba, ko Gold Wing ce ko Africa Twin ko V-Strom.

Sit ɗin da kamfani ya ɗora an yi shi ne dan ya shigi kowa, dogo da gajere, mai jiki da siriri, sannan ana so in mai saye ya zauna a shago na minti biyar ya ji laushi kuma ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Shi yasa suke sa soso mai taushi su kuma tsuke shi. Kuma a nan ne mafi yawan mutane suke ruɗuwa in sun tashi canji, sai ka ga mutum yana danna sit da babban yatsa yana neman wanda ya fi nutsewa. Ɗan uwa kar ka bi wannan. Soso mai laushi sosai in ka daɗe a kai matsewa yake har ƙarshe, sai ya zama nauyinka gaba ɗaya ya koma kan ƙasusuwa biyun nan na mazaunai suna dannuwa da farantin da ke ƙarƙashi, jini ya daina zagawa yadda ya kamata, wurin ya ɗau zafi daga baya ya sage. Irin abin da katifa mai lotsawa take yi wa mutum ne, daɗin kwanciya da dare ciwon baya da safe. Sit na doguwar tafiya so ake ya kasance da ɗan tauri, da faɗi, da ɗan kwari a tsakiya yadda zai tallabe ka ya raba nauyin har zuwa ƙasan cinyoyi.

Kafin ka fitar da ko kwabo, ka hau wanda kake da shi ka yi tafiyar aƙalla awa ɗaya da rabi ba tsayawa, ka lura da kyau a ina ciwon yake farawa, dan kowane ciwo da maganinsa. In ƙasusuwan mazaunai ne suke zafi, sit ɗin ya yi maka siriri ko soson ya mutu. In tsinin ƙashin baya ne, to bayan sit ɗin yana tokare ka ko kuma zamanka ya kwanta baya da yawa, wanda ake yawan gani a irin su Harley da ƙafa take miƙe gaba. In gaba ne yake sagewa tsakanin cinyoyi, sit ɗin ya karkata yana zuro ka kan tanki ko tsakiyarsa ya yi tozo, kuma wannan kam kar ka yi wasa da shi, jijiyoyi ne ake dannewa a wurin, in sagewar tana daɗewa bayan ka sauka ka je ka ga likita. In kuma gefen cinya ne yake gurzuwa, bakin sit ɗin ne ya yi kaifi. Akwai kuma ciwon da ba ruwan sit da shi, wuya da kafaɗa da tsintsiyar hannu galibi daga kan babur ne, wato hannun tuƙi, ko iska, kar ka sayi sit mai tsada ka ce bai yi aiki ba alhali abin da ke damunka kan babur ne ya yi maka nisa.

Sai awo. Ka samu kwali mai kauri ka ɗora a kan benci ko matakalar siminti, ka zauna a kai da wando mara kauri ka ɗan ɗaga gwiwoyi, in ka tashi zaka ga lotsawa biyu, ka auna tsakaninsu. Manya da yawa suna faɗawa tsakanin santimita 10 zuwa 15, kuma galibi na mata ya fi faɗi, ka riƙe wannan dan za mu dawo kansa. Wurin zama dole ya wuce wannan awon da 'yan santimita ta kowane gefe, in ba haka ba ƙashin a bakin sit zai riƙa sauka. Sannan ka tsaya jikin bango da takalmin da kake hawa da shi, ka sa littafi tsakanin ƙafafu ka ɗaga shi sama, wani ya auna maka daga ƙasa zuwa saman littafin. Wannan shi ne tsawon ƙafarka na gaskiya.

Dalilin awon na biyu shi ne tsayi. Gold Wing sit ɗinta milimita 745 ne daga ƙasa, V-Strom 650 kuma 835, BMW R1250GS da Africa Twin 1100 suna da mataki biyu 850 da 870. Amma lambar ita kaɗai bata gaya maka komai, saboda faɗin gaban sit ɗin shi ne yake buɗe maka cinyoyi ya cinye tsawon ƙafar, zaka iya samun sit biyu tsayinsu ɗaya, ɗaya ka dire ƙafa sosai ɗayan kuma sai da kan yatsu. Saboda haka ka nemi wanda bayansa ke da faɗi amma gabansa wajen tanki a tsuke, in ka zo tsayawa sai ka ɗan zame gaba ka taka. Wannan ba ƙaramin abu bane in akwai goyo da kaya a baya kuma ka tsaya a kan yashi ko a shingen jami'an tsaro inda gefen titi ya zaizaye. Masu gajeriyar ƙafa kuma kar ku yi saurin sayen sit da aka rage wa tsayi, soso aka yanke, ga shi gwiwa zata ƙara lanƙwashewa tunda matakin ƙafa yana nan inda yake, bayan awa uku gwiwar ce zata hana ka sakat. Dogaye su kuma sit mai ɗan tsayi yana miƙar musu da gwiwa, sai dai kai zai ƙara fitowa saman gilashin gaba, iska ta riƙa dukan hular kwano, kaga sai an sake daidaita gilashin.

Yanzu maganar wanda ake goyawa, kuma gaskiya nan ne abin ya fi ci min rai, dan sau da yawa maigida shi kaɗai yake zuwa ya zaɓa, ya gwada gabansa ya ji daidai ya biya, uwargida kuma sai ranar tafiya take ganin inda aka tanadar mata. Kai kana riƙe da kan babur, ka san lokacin da zaka taka birki, kana hango rami ka ɗan ɗaga jiki, ita ko bata gani, tana zaune kusan saman tayar baya inda duk gargada take ƙarewa, kuma bata da tankin da zata matse da gwiwa. Dan haka in dai da ita za a riƙa tafiya ka tafi da ita wajen zaɓe, ko ƙaninka ne ko abokinka duk ɗaya, wanda zai zauna shi zai gwada. A yi mata awon kwalin nan ita ma. Wurin zamanta ya zama shimfiɗaɗɗe mai faɗi, kar ya gangaro gaba, dan in ya gangaro duk birkin da ka taka sai ta zamo ta buge ka hular kwano ta gwaru da taka, kar kuma ya gangara baya dan in ka ja wuta zata ji kamar zata faɗi, sai ta ƙanƙame ka ta ƙage jikinta har ku isa, wannan gajiyar ta fi ta zaman kanta. Ɗan tudu tsakanin wurinka da nata yana taimakon ku biyun, kai ya tokare maka ƙugu ita kuma ya hana ta zamowa. Ledar da aka rufe ɓangarenta kar ta zama mai santsi, musamman da yake atamfa da leshi da yadin hijabi duk zamewa suke a kan leda mai sheƙi.

Majingina kuwa ga mai zaman baya kusan dole ce a doguwar tafiya, ko ta ƙarfe mai matashi ko akwatin baya da aka manna wa soso. Kwanciyarta ma tana da tasiri, Honda da kansu a Gold Wing Tour ta 2021 sun ƙara kwantar da majinginar fasinja daga digiri 16 zuwa 23, kaga kenan 'yan digiri kaɗan ma kamfani bai raina su ba. In majinginar ta miƙe tsaye ƙyam ko ta matso gaba sosai zata tura ta jikinka ku biyun ku takura ga zafi. Haka majinginar direba, tana da daɗi ga ƙugu ba musu, amma wurin fasinja take ci kuma tana wahalar da ita wajen hawa da sauka, in zaka saya ka nemi mai naɗewa ko wadda ake zarewa. Ka duba kuma in sabon sit ɗin ya ƙara faɗi bai rufe ƙarfen da take riƙewa a gefe ba, yatsunta su iya shiga ko da safar hannu. Sannan ta ɗora ƙafa a mataki ka kalli gwiwarta, in gwiwar ta fi ƙugu tsayi sosai to nauyinta duk ya koma kan tsinin baya, ƙarin soso kaɗan a wurinta ko sauke matakin zai gyara. Kuma dan Allah a babban babur a kan babbar hanya a bar zaman gefe ɗaya, a sa wando a ciki a zauna sosai ƙafa kowane ɓari, a tattare bakin zani da hijabi kar ya kusanci taya ko sarƙa ko salansa.

Abin da ke cikin sit ɗin, soso ne ko jel ko iska. Soso mai nauyi mai kyau shi ne ginshiƙi, sauran duk ƙari ne. Jel yana rage jijjiga kuma yana raba nauyi, amma yana riƙe zafi, kuma mu da a watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40, in ka ajiye babur a rana ka shiga masallaci ka fito, jel ɗin zai daɗe bai huce ba. In kana son jel ka tabbatar a binne yake ƙarƙashin soso, ba dab da leda ba. Sit mai hita da ake tallatawa na mutanen ƙasashen sanyi ne, sai dai in kai mai sammako ne da hunturu ko kana yawan bin Jos da Mambila, in ba haka ba ka bar kuɗinka. Marufi kuma fata ce ko leda. Fata tana numfashi bata tara gumi sosai kuma tana bin siffar jiki, sai dai tana son a riƙa shafa mata mai, ruwan damina da rana da ƙurar hunturu suna busar da ita ta tsage. Leda mai kauri irin ta kujerun jirgin ruwa ta fi juriya ba ruwanka da wani kulawa. Ɗinkin ado mai yawa a saman wurin zama ka guje shi, kowane ramin allura ƙofar ruwa ne, soso ya sha ruwa yau gobe ka zauna ya jiƙa maka wando ko da rana ta fito, ga shi layin ɗinkin da kansa yana gurzar fata in an daɗe.

In na waje zaka saya, sunayen da zaka fi cin karo da su na Amurka ne. Corbin da ke Hollister a Kalifoniya an san su da tauri da nauyi, farantinsu na faiba ne, wanda bai saba ba ranar farko zai ce katako aka sayar masa, sai an ɗan jima ana hawa yake kwantawa da jiki. Sargent na Florida sun fi sauƙin nauyi kuma siffarsu bata yi nisa da ta kamfani ba. Mustang da Saddlemen sun fi ƙarfi a wajen masu Harley da ire-irensu, Mustang da faɗi da majingina, Saddlemen da jel. Russell Day-Long su kuma ɗinki suke yi na mutum ɗaya, sai ka tura musu tsohon sit ɗinka da tsawonka da nauyinka da hotunanka a kan babur, har na wanda kake goyawa, su gina a kan farantin, yana fitowa da fukafukai a gefe, ba kowa yake son ganinsa ba amma masu cin dogon zango suna yabonsa, sai dai yana ƙara tsayi, gajere ya yi tunani. Seat Concepts suna sayar da soso da marufi kawai ka ɗora a kan farantinka, wanda a ganina shi ya fi dacewa da mai sayowa daga nesa dan ba nauyi kuɗin dako zai ragu. Ta Turai kuma akwai Touratech da Wunderlich na Jamus, masu BMW sun san su, da Shad na Sifen.

Duk wanda zaka ɗauka ka duba shekarar babur ɗinka da kyau, ba sunansa kawai ba. Manyan Harley na tafiya an canza musu tanki a 2008, shi yasa zaka ga sit na 1997 zuwa 2007 daban na 2008 zuwa sama daban. R1200GS ta canza jiki a 2013, Gold Wing a 2018, na kafin nan baya hawa na bayan nan. Baburan da suke shigo mana na hannu kuma wani lokacin shekarar da mai sayarwa ya faɗa ba ita bace, ka duba lambar jikin firem ka tabbatar. Sit ɗin nan ɗaruruwan daloli ne kafin dako da kwastan, kuma in ya iso bai hau ba mayar da shi kusan ba zai yiwu ba, wanda aka ɗinka maka musamman ma galibi ba a karɓa. In na hannu ka samu ka juya shi ka kalli ƙasan, farantin ba tsagewa, ƙugiyoyin da makullin suna nan, robobin da suke zama a kan firem basu zube ba, sannan ka tuna soson ya riga ya ɗau siffar mai shi na farko, in shi ƙato ne kai siriri zaka zauna ne a ramin wani.

Ga wanda aljihunsa bai kai can ba, ko mai Boxer ko Haojue da yake zirga-zirga tsakanin garuruwa, masu ɗinkin kujerun mota na garinku zasu iya yi maka aiki mai kyau in ka san abin da zaka ce musu, dan in ka bar su da kansu soson katifa mai laushi zasu tula maka su ja leda shikenan. In da hali ka sayi tsohon sit na biyu a yi gwajin a kansa, naka na asali ya zauna a ajiye. Ka ce a ƙasa a sa soso mai tauri, irin matsattsen nan mai launi-launi da ake haɗawa da gutsattsari, a samansa a shimfiɗa mai laushi siriri kamar santimita ɗaya zuwa biyu dan ya ɓoye gaɓoɓin. A ƙara faɗi a gefen baya da soso mai tauri, amma kar ya wuce farantin da yawa dan abin da ba shi da madogara a ƙasa lanƙwashewa zai yi. A fafe tsakiya kaɗan, a ɗaga gaban in yana zuro ka kan tanki, a goge kaifin gefen cinya. Kuma kar a rufe a ranar, a ɗaure ledar da 'yan ƙusoshin sitefula kaɗan ka je ka yi tafiyar awa ɗaya kai da mai zaman bayan, ku dawo ku nuna inda yake tokara a sa alama a ƙara gogewa, ana rage soso kaɗan-kaɗan ne dan wanda aka yanke baya dawowa. In an gamsu sai a sa farar leda siririya tsakanin soso da marufi saboda ruwa, a shanya marufin a rana ya yi laushi kafin a ja shi, ƙusoshin kuma gajeru kar su huda su fito ta sama. Ka biya mai aikin kuɗin dawowar nan biyu ko uku da zuciya ɗaya, aikin nasa ne ya ƙaru.

Akwai kuma 'yan dabaru masu araha da ya kamata ka fara gwadawa, wani ma daga nan matsalarsa take ƙarewa. Buzu, fatar rago mai gashi da aka jeme da kyau, matafiyan Turai da Amurka kuɗi suke sawa su saya, mu ko ga ta nan a gida, tana barin iska ta ratsa tana shan gumi, ka yanka daidai sit ka ɗaure da roba ta ƙasa yadda bazata zame ba, in hadari ya haɗo ka cire ka sa a jaka. Shimfiɗar 'ya'yan katako irin ta direbobin tasi ita ma tana aiki a zafi, haka ragar nan mai kauri da ake sakawa a kan sit. Matashin iska irin Airhawk sirrinsa iska kaɗan, yadda zaka kusa taɓa sit ɗin, in ka cika shi tam zaka riƙa tangaɗi a kwana ka daina jin babur ɗin a ƙarƙashinka. Ka cire walat daga aljihun baya, ka guji wando mai kaurin ɗinki a mazaunai da gajeren wandon da yake riƙe gumi.

Bayan ka ɗora sabon, ka ja shi sama da hannu ka tabbatar ya kulle, ka duba baya gogar fentin tanki kuma bai danne wata waya ba. Kar ka yanke masa hukunci a satin farko, mai tauri yana buƙatar ɗaruruwan kilomita kafin ya saba da kai, amma sagewar gaba ko zamowa kan tanki ba abin da sabo zai gyara bane, wannan siffa ce, a koma a gyara. Ranar da zaku fita ku biyu da kaya ka ƙara ɗaure shokozoban baya ka ƙara iskar taya yadda littafin babur ɗin ya ce na mutum biyu, dan in shokozoba ya nutse har ƙarshe duk ramin da kuka faɗa a bayan fasinja zai sauka ko wane irin sit ne. Ka duba iyakar nauyin da aka rubuta, manyan babura da yawa a kusa da kilo 200 suke tsayawa, kuma a ciki har da kai da ita da akwatuna da abin da ke cikinsu. Ku yi yarjejeniya tun a gida cewa in ta taɓa ka sau biyu a cinya tsayawa take so, kuma duk awa ɗaya da rabi zuwa biyu ku sauka ko ba wanda ya yi ƙorafi, a sha ruwa a ɗan taka, in lokacin sallah ya yi a haɗa gaba ɗaya.